Hotunan Gidan da Ba Nawa Ba

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Sha'aban, da hantsi, mota ta sauke mu a wata tasha a Kwatano. Mu uku ne daga ƙasar Tsanyawa: ni, da wani tela mai suna Garba, da wani saurayi da ban riƙe sunansa ba domin a ranar aka raba mu. Wanda ya zo tarbarmu shi ne Alhaji Sabo, mutumin ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, wanda ya daɗe yana kai mutanenmu aiki ƙasashen bakin teku. Kafin ya tambaye mu ya hanya, sai da ya karɓi fasfo ɗinmu. Ya ce a nan ɓarayin takardu sun fi ɓarayin kuɗi yawa. Ya zuba su a aljihun babbar rigarsa. Ina kallo.

Aikin da ya yi mini alkawari a gida shi ne tafinta a wani kamfanin jiragen ruwa, saboda na yi shekaru ina fassara labarai a wani gidan rediyo a Kano ba tare da an ɗauke ni aiki na dindindin ba. Aikin da na tarar kuwa shi ne zaman gida. Masu hannu da shuni na waɗannan birane, Larabawa da Turawa da 'yan ƙasa, sukan tafi hutu ko jinya na watanni su bar gida a rufe. Gidan da aka rufe a bakin teku lalacewa yake yi. Danshi ya ci fenti, funfuna ta hau kujeru, ɓarayi su gane babu kowa. Don haka ake neman wanda zai zauna, ya buɗe tagogi da safe, ya ba furanni ruwa, ya tayar da mota ta ɗan yi aiki, ya kunna fitilu da magariba. Alhaji ne yake karɓar kwangilar, shi ne kuma yake karɓar albashin. Abin da yake zuwa hannuna shi ne abin da ya kira kuɗin cefane. Sauran, in ji shi, yana tara mini.

Da na ce masa ba haka muka yi ba, sai ya yi dariya. "Malam Nasiru, kai da ba ka jin Faransanci, tafintan wa za ka yi? Zauna ka koyi gari tukuna."

Gaskiya ne ba na jin Faransanci. Ya san haka tun muna zaune a zauren gidanmu.

Gidan farko na wani Balarabe ne mai sayar da tayoyi. Ɗakina yana jikin ƙofar shiga, tsakanin janareta da wurin zuba shara. Tabarma ɗaya, ƙusa ɗaya ta rataye riga, da taga da ba ta kai faɗin faranti ba. Cikin gidan kuwa ɗakuna ne birjik, ina da makullin kowanne, amma sharaɗin shi ne in shiga in share in fito. Aiki yana ƙarewa kafin rana ta yi zafi. Daga nan sai ni da bango.

Wayata ce ta rage mini tsawon wuni. Ita kaɗai ce abin da na fito da shi daga gida mai daraja, kuma kyamararta tana da kyau. Na fara da abin da ke wucewa ta ƙofar gidan. 'Yan acaɓa masu rawayar riga, suna zuwa kamar ɗango. Wata tsohuwa da take sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin titi, idan rana ta yi yamma ta bugi kwalaben sai man ya koma kamar zuma. Akuya a ɗaure a bayan babur tana kallon duniya ba ruwanta. Ban koyi ɗaukar hoto a wurin kowa ba. A hankali na gane cewa hasken safe ya fi na tsakar rana, kuma idan ka durƙusa ka ɗauki abu daga ƙasa sai ya yi girma. Tsohuwar mai fetur ta taɓa kama ni ina ɗaukarta, ta zage ni tas da yaren da ban sani ba. Da na nuna mata hoton sai ta kira maƙwabciyarta ta gani. Daga ranar, duk lokacin da ta dafa masara sai ta aje mini guda.

Alhaji ya ga hotunan wata rana da ya zo zagaye. Ya daɗe yana turawa da yatsa. Sai ya ce ai wannan baiwa ce, kuma ta zo daidai, domin masu gidaje suna son a riƙa tura musu hoto duk mako su ga halin da gidansu yake ciki. In riƙa ɗauka ina turo masa, shi zai isar. Na ji daɗi. A karon farko tun zuwana an ce na iya wani abu. Na riƙa tashi da sassafe ina jiran rana ta faɗo a kan barandar, ina gyara labule, ina matsar da tukunyar fure, don gidan wani ya fito da kyau.

Gida kuwa yana raina kullum. Mu a wajenmu babu daji. Daga bayan gidanka gona ce, daga bayanta gonar wani, iyaka ita ce layin gamba ko 'yan itatuwan lalle, haka har ka shiga gari na gaba. Ba a barin ƙasa ta huta, taki ne yake riƙe ta, kuma duk rani sai an kai shi da jaki, mangala bayan mangala. Wanda ya rabu da gonarsa a wajenmu ba ya sake samun wata, domin babu mai sayarwa. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana guda ɗaya, ba a raba ba: ni, da ƙanena Habu, da ƙanwarmu da ke aure a Bagwai, da Inna. Habu ne yake nomawa tun da na tafi. Inna ba ta da waya, sai ta Habu. Duk Juma'a yakan miƙa mata mu gaisa, ta tambaye ni ya baƙunta, in ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Haka kowane matafiyi yake cewa. Ba a kiran uwa daga wata ƙasa a gaya mata ana kwana kusa da shara.

Da Balaraben ya dawo, aka ɗauke ni zuwa Lome. Wannan gidan na wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne da aka fita da shi jinya. Akwai tafkin ninƙaya a tsakar gida, da farar mota a rumfa, da bishiyar mangwaro da take zubar da ganye a ruwan, ni kuma in tsame. A nan na fara ganin teku da idona. Nakan saci jiki da safe in je in ga masunta suna jan koma, mutane sun fi a ƙirga a kan igiya ɗaya, suna waƙa suna ja da baya. Na ɗauke su. Na ɗauki mata suna jiran kifi da manyan kwanoni a ka. Na ɗauki wani yana wanke doki a cikin igiyar ruwa.

A Lome ne Alhaji ya zo da wata shadda fara ƙal a cikin leda, da hula, da takalmi. Ya ce iyalan mai gidan sun yi ƙorafi, suna son su ga fuskar wanda yake zaune musu a gida, su tabbata mai tsabta ne ba ɗan tasha ba. In sa kayan a ɗauke ni. Na sa. Ya karɓi wayata ya ce in tsaya jikin motar in dafa ƙofarta. Sai in zauna a falo in ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sai in tsaya bakin tafkin in riƙe kofi. Bai iya ɗauka ba, yana sa rana a bayana fuskata tana yin baƙi. Ni da bakina na ce masa ya matsa hagu. Ni na nuna masa ya durƙusa. Hotunan suka fito kamar na kalanda. Ya tura wa kansa, ya jira na tuɓe, ya ninke shaddar ya mayar leda ya tafi da ita.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kayar da ni. Na kira Alhaji har na gaji, bai ɗauka ba. Wadda ta lura ban fito ba ita ce Hajiya Mariyama, wata dattijuwa daga zangon Hausawa da take sayar da koko da ƙosai a kusurwar layin. Ta buga ƙofa har na ja jiki na buɗe. Ta dube ni, ta dubi ɗakin. Ta koma ta dawo da magani da kunun tsamiya, ta yi ta zuwa safe da yamma har na miƙe. Kakanninta daga Katsina suka zo, ita ba ta taɓa zuwa can ba. Ta ce in na koma in ɗauko mata hoton rumbu, tana jin sunansa ba ta taɓa gani ba. Da Alhaji ya kira daga baya, abin da ya fara tambaya shi ne me ya sa hotunan makon ba su zo ba.

Daga Lome sai Abijan, bayan mun ratsa Gana a bayan wata motar kaya ta abokin Alhaji. Gidan Abijan ya fi duka girma, na wani Bature ne da matarsa, kuma sun bar kare. Karen yana da ɗakinsa mai na'urar sanyi. An bar mini takarda mai hoto da ke nuna yadda zan dafa masa shinkafa da nama. Ni kuma garin rogo da ƙuli nake ci. Ina dafa masa, ina wanke kwanonsa, sannan in je in yi ta wanke hannu kafin in yi alwala. Maigadin gidan da ke kusa, Baba Usmanu, mutumin Burkina ne da ya tsufa a ƙofar gidajen mutane, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Shi ya koya mini gaisuwa da ƙirga da Faransanci. Shi ya kuma ce mini, ba tare da na tambaya ba, duk wanda ya ce yana tara maka albashi, ya riga ya kashe.

Wata Juma'a bayan an idar da salla, ina neman takalmina a ƙofar masallaci, sai na ji wani ya ce, "Wallahi shi ne." Wani saurayi ne siriri, Hausarsa ta wajenmu. Ya ce sunansa Shu'aibu, daga wani ƙauye kusa da Bagwai, Alhaji Sabo ne ya kawo shi cikin makon, yana zaune a wani gida a ƙarshen layinmu. Ya riƙe hannuna da hannu biyu kamar ya ga babban mutum. Sai ya dubi silifas ɗina, ya dubi rigata, murmushinsa ya fara raguwa.

Ya ciro wayarsa ya nuna mini. Ni ne, cikin farar shadda, na dafa farar mota. Ya tura gaba. Ni a falo. Ni a bakin tafki. Sai barandar Kwatano da hasken safe, sai masunta, sai teku. Duk hotunana ne, babu wanda ban sani ba.

Ya ce babu majalisar da ba a ga waɗannan ba daga Tsanyawa har Ɗambatta. Tukur, ƙanin Alhaji, shi yake yawo da su ranar kasuwa. Yana cewa ga Nasiru ɗan marigayi Malam Iro, wanda ya gama wahala a gidan rediyo, ko shekara bai yi ba ga gidansa ga motarsa. Wanda yake so ya bi sahu, kuɗin hanya da na takardu ne kawai. Wanda ba shi da kuɗi, ai yana da gona. Tukur zai saya, ya kuma sayi da daraja, don zumunci.

Na tambaye shi ko ya sayar. Ya ce ya sayar. Sai ya ƙara da cewa ai ƙanena ma yana hanya, an gama magana da Tukur, ana cewa kafin damina.

A nan na gane sana'ar Alhaji Sabo. Albashinmu da yake ci ƙari ne kawai. Gona yake saye. A ƙasar da babu mai sayar da gona ko da yunwa za ta kashe shi, ya gano abin da zai sa saurayi ya sayar da hannunsa yana godiya. Ni kuma na yi masa tallan, na zaɓar masa haske, na ce ya matsa hagu.

A ranar na kira Habu. Na gaya masa komai, dalla-dalla, yadda ake karanta labarai: gidan ba nawa ba ne, motar ba tawa ba ce, rigar ma aro ce. Ya saurara har na gama.

"Yaya, duk Juma'a kana cewa lafiya lau. Yau da ka ji zan zo, shi ne babu lafiya?"

Na ce ya jira. Na duba wayata daga farko har ƙarshe ina neman abin da zan tura masa. Hotuna sun fi a ƙirga, amma babu ko ɗaya na inda nake kwana. Ban taɓa ɗauka ba, don ba shi da kyau. Na tashi na ɗauka. Tabarmar, ƙusar, bokitin wanka, kwanon garin rogo, tukunyar kare a gefen tawa. Ban jira haske ba. Na tura masa, na kuma tura zauren 'yan garinmu na waya.

Amsar da ta fara zuwa daga wani abokin Tukur ce. Ya ce Allah sarki, Alhaji Nasiru har ɗakin maigadinsa yake nuna mana. Aka yi ta dariya. Wani ya ce in ji tsoron Allah in gyara wa bawan Allah ɗaki. Da na sake kiran Habu, wayarsa a kashe.

Washegari na sami Alhaji a masaukinsa. Na shirya faɗa. Na ce masa ya ba ni fasfo ɗina, zan koma gida, kuma zan tsaya a kasuwar Tsanyawa in faɗi abin da na gani. Na zaci zai hana, ko ya yi barazana. Sai ya buɗe akwati ya miƙo mini fasfo ɗin. Ya ce shi ba ya riƙe kowa dole. Ya kira wani direba a gabana ya biya mini mota har Legas, ya ƙara mini abin da zai kai ni Kano. Da na yi maganar albashin da yake tarawa, ya ce za a yi lissafi a gida cikin mutunci. Kafin in haɗa jakata, har ya turo Shu'aibu ya karɓi makullai da takardar abincin kare.

Na fito ina jin na ba shi tsoro. Baba Usmanu ne kaɗai ya girgiza kai. Ya ce bai taɓa ganin irin wannan mutumin ya biya wa wani kuɗin mota don Allah ba. Ya ba ni burodi da kifin gwangwani na hanya. Ban tsaya tunanin maganarsa ba, hankalina yana kan gona.

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai shingaye da jami'ai masu miƙa hannu a kowace iyaka. Na isa Kano, na hau ƙaramar bas zuwa Tsanyawa, daga nan babur. Rani ne, gonaki fayau, an fara kai taki, tsibi-tsibi a jere. Na hango tamu daga kan hanya. Ba a taɓa ta ba. Na yi hamdala.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Da ta gan ni ta saki rariyar, ta rungume ni, ta shafa fuskata tana cewa na rame. Sai ta ja da baya, ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Wa ya gan ka a hanya?"

Na ce kowa. Na gaisa da mutanen bakin masallaci, na gaisa da mai unguwa.

Ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Nasiru, rashinka ne yake riƙe da gonar nan."

Sai ta warware mini. Habu ba zai iya sayar da abin da ba a raba ba. Tukur ya kai maganar gaban dagaci ba sau ɗaya ba, dagaci da liman suka ce ba za su raba gado ba alhali babban ɗa yana wata ƙasa, bai zo ba, bai kuma naɗa wakili a gaban shaidu ba. Tukur ya ce a kira ni a waya, liman ya ce shi ba ya raba ƙasa da muryar da bai ga mai ita ba. Duk wanda ya zo wa Inna da maganar, amsarta ɗaya ce: sai Nasiru ya dawo. Ta kuma yi ta addu'a kada in dawo sai damina ta sauka, an yi shuka, zancen ya bi ruwa. Ba ta gaya mini ba saboda wayar Habu ce, yana tsaye a kanta duk lokacin da muke magana. Ban da haka ma, in ji ta, ba a ɗora wa matafiyi damuwar gida. Da na tambaye ta ya gida, ita ma lafiya lau take cewa.

Na tuna yadda akwatin Alhaji ya buɗe da sauƙi. Na tuna cewa duk faɗin Abijan, a ƙarshen layinmu ya ga damar aje Shu'aibu.

Na yi niyyar in juya Kano da asuba kafin a farga. Amma kafin la'asar zaure ya cika da 'yan sannu da zuwa, kuma cikinsu akwai ɗan aiken dagaci. Ya ce dagaci yana yi mini barka da sauka, yana kuma so ya gan mu gaba ɗaya bayan sallar Juma'a, tun da Allah ya kawo ni.

A ƙofar gidan dagaci na faɗi abin da na zo faɗa. Akwai liman, da mai unguwa, da dattawa, da mijin ƙanwarmu, da Habu, da Tukur a gefe yana jan carbi. Ban ɗaga murya ba. Na bi da su tasha-tasha, Kwatano, Lome, Abijan. Na miƙa wayar ta zaga hannu-hannu. Wani dattijo ya daɗe a kan hoton ɗakin kare, ya ce ikon Allah. Da na gama, Tukur ya yi murmushi ya ce shi ba zai yi jayayya da ɗan boko ba. Amma kowa a nan ya san yadda wanda ya samu yake dawowa gida: da tsohuwar riga da silifas, don kada dangi su dame shi da roƙo. Wasu suka gyaɗa kai. Sun taɓa ganin haka, ba ƙarya ya yi ba.

Liman ya ce shi ya yarda da ni, kowace kalma. Ya juya ya yi wa Habu nasiha mai tsawo, har ya ce masa ƙasa ba ta dawowa. Amma ya ce yardarsa ba hukunci ba ce. Magaji baligi mai hankali idan ya nemi rabonsa, ba a hana shi, kuma yau magada sun cika. Ya ce in ina so, ni na fi kowa cancantar in sayi rabon ɗan'uwana kafin bare. Ya tambaye ni ko ina da hali. Tukur ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa. Ya san inda albashina yake.

Na ja Habu gefe, bayan rumbun dagaci. Na ce ya dube ni da kyau, ya dubi wuyana, ya dubi hannuna. Ya duba.

"Na yarda, Yaya. Tun da ka shigo gida na yarda ɗakin nan naka ne."

Na ce to me ya rage.

"In an raba gonar nan, nawa ne rabona? Ba zai ciyar da ni ba, balle in yi aure. Ka tafi ka bar ni da jaki da mangala, ina yi wa mutum huɗu noma. Kai ka zauna kana ɗaukar hoton kifi. Ni in na je ba zama zan yi ba."

Na ce masa fasfo ɗinsa za a karɓe tun a tasha. Ya ce zai ɓoye nasa. Na ce masa Alhaji da Tukur ba shi suke so ba, ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa suke so. Ya ce ya sani, kowa da abin da yake so. Na so in mare shi. Na so in koma in shaƙe Tukur a gaban dattawa. Ban yi ko ɗaya ba. Na tsaya ina kallon ƙanena, wanda na goya a bayana zuwa wannan gonar, yana gaya mini cewa ya gane tarko ne kuma zai shiga.

Washegari da safe aka fita da igiya. Aka fitar wa Inna tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas, aka auna wa ƙanwarmu nata, aka raba sauran biyu tsakanina da Habu. Mai unguwa yana tafe yana kafa ƙaramin dutse a kowace kusurwa. Aka yi ƙuri'a, ɓangaren bakin hanya ya faɗo wa Habu, inda mahaifinmu ya fi zuba taki. Kafin azahar an shafa fatihar ciniki tsakanin Habu da Tukur. Wani daga cikin samarin da suka biyo mu ya ce in ɗauki hoton taron don tarihi, tun da ni ne gwani. Na ce masa waya ba caji.

Habu ya tafi kafin ruwan farko, tare da wasu samari biyu daga ƙauyen gaba. Alhaji Sabo bai zo gida ba tun daga lokacin, lissafin da ya ce za a yi cikin mutunci ba a yi ba. Tukur ya shuka masara a rabon Habu, ya kewaye shi da waya mai ƙaya har bakin hanya. Yanzu idan zan kai taki ɓangarena da na Inna, sai na zagaya da jakin ta bayan maƙabarta.